Aikin Akra a Ɗakin Takaba

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke faruwa a kowane ɗaki bayan an ja ƙofa. Salamatu, matar ɗana, ke ce mai alƙalami, ni bakina kawai na kawo, don ban taɓa zaman aji ba. In kin ga na tsaya ina share ido, ki jira ni, kada ki ce in yi haƙuri. Na gaji da jin wannan kalmar.

Wannan babin na shekarar da ubanku, Alhaji Isaka mai albasa, ya rasu ne. Ina so ku ji shi daga bakina, ku 'ya'yana da jikokina, domin maganar da ake yawo da ita a gidajen suna da biki ta dawo kunnena. Ana cewa Ramatu ta bar uwarta cikin takaba ta bi aiki. Har Bashiru, wanta, ya faɗa daga Italiya, shi da bai ga komai da idonsa ba. To ga yadda aka yi.

Da damina ya rasu. Ya dawo daga rumfarsa ta kasuwar Reskos yana cewa kansa na sara, ya kwanta, bai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Kafin a yi masa sutura Ramatu ta iso daga Akra da jaka ɗaya da kwamfutarta ta hannu. Ita kaɗai ce mace a cikinku, kuma kun san al'adarmu a nan Zangon Kumasi, ba a barin mai takaba ta kwana ita kaɗai a ɗaki. Dole a samu mace ta jini ta zauna da ita, ta karɓi baƙi, ta je mata kasuwa, tunda ita ba ta fita. 'Yan'uwana mata sun riga ni gidan gaskiya, wadda ta rage tana can arewa, ba ta gani sosai. Saboda haka bayan addu'ar bakwai, da mutanen nesa suka fara ɗaure kaya, Ramatu ta zauna a bakin gadona ta ce ba inda za ta je sai na fita takaba. Na tambaye ta aikinta fa. A lokacin tana wani kamfani da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jirgin ruwa. Ita ke shirya takardun da direbobin manyan motoci ke jira kafin a bar su su ɗauki kaya. Ta sha wuya kafin ta samu aikin nan, shekaru tana yawo da takardun makaranta a hannu.

"Madam ta yarda in yi daga nan, Mma," in ji ta. "Amma ta ce in aiki ya tsaya, sai in koma."

"A cikin wannan faifan aikin yake?"

"A'a. Yana cikin wata kwamfuta da ke kan teburina a Akra. Wannan taga ce kawai. Ta nan nake leƙawa in miƙa hannu in yi aikin can."

"To me ya hana ki ɗauko ta can ɗin gaba ɗaya, ki huta da leƙe?"

Ta yi dariya, dariyar farko da aka yi a ɗakin tun rasuwar. Ta ce ba a fitar da takardun mutane daga ofis.

Da farko abin ya tafi daidai. Ta ajiye ƙaramin tebur kusa da taga, ta sayo wani ɗan akwati mai fitilu kore wanda ke jawo netwok, ta rataye shi a ƙusa. Ina kan tabarma da carbi, tana kan kujera tana danne-danne, ina jin ƙarar yatsunta kamar kaji na tsattsagar gero a faranti. Wallahi ƙarar nan ta riƙe ni. In na ɗaga kai na ga keyarta, sai in ji gidan bai mutu duka ba.

Sai wata safiya na ji yatsun sun yi shiru. Ta danna, ta jira, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar abin, can sai wani rubutu ya fito. Ta ce cewa yake ba a samu kwamfutar Akra ba. Ta sake, haka. Ta kira mutumin da ke kula da kwamfutocin kamfanin, wani Ba'asante mai sanyin murya da suke kira Bra Kwame. Ba a ofishinsu yake zama ba, yana wani reshe a Tema, daga can yake duba na kowa. Ta sa shi a babbar murya don hannunta ya samu sarari, shi ya sa duk maganarsu a kunnena aka yi ta, rabi Tuwi, yarensu na Asante, rabi Turanci, ita kuma tana juya mini abin da ban kama ba.

"Sista Ramatu, kin kashe kin kunna?"

"Na yi."

"Ki ƙara. Har da ɗan akwatin."

Tun daga ranar kusan kullum da wannan tambayar yake farawa. Mma Ayi, maƙwabciyata mai sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida, wadda muka tsufa tare a tsakar gida ɗaya, ita ta raɗa masa suna. Da ta ji wayar ta yi ƙara sai ta leƙo da ludayi a hannu.

"Malam Kashe-ki-kunna ne? Ki gaishe shi. Ki ce masa da haka ake gyara, da tuni na gyara mijina."

Abin da ya ɗaure mana kai, ba kullum yake ƙi ba. Bayan sallar asuba yana buɗewa lafiya. Da hantsi ya yi sai ya rufe, ya yi ta gardama har la'asar, wani lokaci ya ɗan saki da rana tsaka ya sake kamewa. Bayan magariba kuwa sai ya buɗe kamar ba shi ba. Shi kuma Bra Kwame sai ya gama zagayensa da yamma yake samun zama ya duba daga wurinsa, ya ce ga kwamfutar nan yana ganinta garau, matsalar daga Kumasi take. Amma aikin Ramatu na rana ne. Direba ba ya jiran magariba. Suna tsaye a bakin tasha cikin rana, suna kiran ofis, ofis na kiranta, ina jin muryar Madam tana ƙara tsini mako bayan mako.

Babu abin da yarinyar nan ba ta gwada ba. Ta sauya layin waya, ta sayo na wani kamfanin, ta sayo na uku. Aka ce kwanon rufinmu ne ke tare netwok, ta fitar da akwatin ta ɗaure shi a sandar shanya, ruwa ya sauko, ta fita da gudu ta rufe shi da roba. Ta hau benen maƙwabta ta zauna a matakala da kwamfuta a cinya. Aka ce kalmar sirrinta ce ta tsufa, aka ba ta sabuwa. Ta kai kwamfutar wurin mai gyara, ya goge wasu abubuwa ya zuba wasu, ya ce yanzu ta zama amarya. Washegari da hantsi amarya ta ƙi buɗe ƙofa. In wuta ta ɗauke mu ce dumso ne, ɗauke-ɗauken lantarkin nan da muka saba, in wuta na nan mu rasa wanda za mu zarga. Mma Ayi ta ce gidan mutuwa nauyi gare shi, ta kawo turaren wuta ta zagaye teburin. Ramatu ba ta hana ta ba, ta gaji da hana kowa komai.

Ran wata Asabar ta ce bari ta raba gardama. Ta ɗauki kwamfutar ta shiga turoturo, motar hayar nan, zuwa unguwar Adum, wurin wani shago da ake biya a yi amfani da netwok mai ƙarfi. Ta dawo da azahar fuskarta ba daɗi ba ɓaci.

"Mma, a can ya buɗe nan take. Da rana tsaka. Ko sau ɗaya bai yanke ba."

"To alhamdu lillahi."

"Ba alhamdu lillahi ba ne kawai. Yana nufin a gidan nan abin yake."

Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa ran Asabar ba kowa a ofishin Akra. Mu dai mun ga a Adum ya yi, a Zango ya ƙi, sai muka juyo muna duban gidanmu da idon tuhuma.

A gidan kuwa akwai abin tuhuma. Ta'aziyyar yanzu ba irin ta da ba ce. Rabin Zango na Turai da Amurka, kuma kowa so yake ya ga fuskar mai takaba a waya, ya yi mata addu'a ido da ido. Tun ranar da ta sayo akwatin nan Ramatu ta buɗe wa mutane shi, duk wayar da ke gidan a jikinsa take sha. Tawa ce ta fi kowacce aiki. Wadda ta fi kowa kira kuma ita ce Gwaggonku Zenabu, yayar ubanku, da ke Jamus wurin ɗanta. Da rana ɗan yana wurin aiki, matarsa ma haka, ita kaɗai a saman bene cikin sanyi. Sai ta kira da hantsi, ta jingina wayar a kofi, mu yi ta zama har azahar. Wani lokaci ba ma magana. Wani lokaci ta ba ni labarin Isaka yana yaro, yadda ya faɗa rijiya garin bin ɗan akuya, yadda yake tsoron kaciya har ya ɓuya a rumbu. Shekara nawa na yi da mutumin nan, ban taɓa jin waɗannan ba. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san shi kafin ya yi gemu.

Na ji Ramatu ta fita baranda tana tambayar Bra Kwame a hankali, ko kiran bidiyo zai iya jawo wannan. Ya ce zai iya, bidiyo na shan netwok kamar raƙumi. Ta dawo ta sauya kalmar sirrin akwatin ta cire kowa, amma ta bar tawa wayar. Na lura dai in Zenabu ta kira, Ramatu takan kalli ɗan zoben nan yana juyawa, ta kalli bango.

Ni na yanke shawara, ba wanda ya sa ni. Na auna, ga 'yata da ke kwana a gefena, ga hirar rana. Na ce in hirar ce ke korar mini 'ya, a ɗage hirar. Da Zenabu ta kira washegari, bayan mun gaisa na tattara ƙarfina.

"Yaya, ina roƙon alfarma. Ki riƙa kira bayan magariba. Aikin yarinyar nan ne ke samun matsala da rana."

Ta matso da fuskarta har ta cika wayar.

"Memuna, ta'aziyyar ƙanina ce za a yanka mini lokaci, kamar mai zuwa asibiti karɓar kati?"

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Bayan magariba yaran sun dawo, gidan ya cika da hayaniya, ni kuma na sha magani ina gyangyaɗi. Kin sani. Ki ce kawai kin gaji da fuskata."

"Wallahi ban gaji ba."

"Allah ya ji ƙan Isaka. Da yana nan ba a ba ni lamba in bi layi."

Ta kashe. Ba ta kira bayan magariba ba, ba ta kira da hantsi ba. Na aika mata saƙon murya ya fi a ƙirga, ana nuna mini alamar ta saurara, amma ba amsa. Maganar ta zagaya dangi kafin a yi sallar Juma'a, kowa da irin gishirin da ya ƙara mata. Masu kira suka ragu, wasu don kunya, wasu don fushi. Ɗakin ya yi tsit.

Washegari da hantsi, ba wayar da ke motsi a gidan, akwatin nan shi da Ramatu kaɗai, ta danna. Zoben ya juya, ya juya, rubutun nan ya fito kamar kullum. Ta kifa kai a kan teburin. Ni kuma na riƙe carbi na rasa inda na tsaya. Mma Ayi ta leƙo za ta yi barkwancinta, ta ga fuskokinmu, ta saki labule ta koma.

Haka muka ƙara wasu makonni. Ramatu na tashi tun asuba ta tura abin da za ta iya kafin ƙofar ta rufe, da yamma ta kwashe abin da ya taru. Ta rame, idonta ya faɗa. Sai wata Talata da rana Bra Kwame ya kira da kansa, abin da bai saba ba. Wani aiki ne dabam ya kai shi ofishinsu.

"Sista Ramatu, gwada yanzu."

Ta gwada. Ya buɗe.

"Me ka yi?"

"Ina tsaye a gaban teburinki. Akwai mutum a kujerarki."

Ashe da Madam ta ga Ramatu za ta daɗe, sai ta ɗauko wani ya riƙa taimakawa kafin ta dawo, aka zaunar da shi a teburinta don shi ne babu kowa. Ya zo da tasa kwamfutar ta hannu. A wurin igiyar netwok ɗaya ce, tana jikin kwamfutar Ramatu. Shi kuma yana ganin fuskar kwamfutar a kashe, ya ɗauka ba mai amfani da ita. Kullum in ya zo da safe sai ya zare igiyar ya soka a tasa. In zai fita cin abinci ko zai tashi, sai ya mayar da ita inda ya same ta, don mutum ne mai tarbiyya, ba ya barin kayan mutane a warwatse. Ba mugunta, ba komai. Igiya ce da ba ta kai tsawon zanen ɗaurawa ba. Mu kuma muna nan muna hawa bene, muna turare, muna ɓata zumunci.

Ramatu ta yi wata dariya mara daɗin ji. Bra Kwame ya ce ya kawo wata igiyar ya sa wa mutumin, daga yau ba za ta ƙara yankewa ba. Ya ba da haƙuri, ya ce da ya zo da ƙafarsa tun farko da ba a kai haka ba. Sai ya rage murya, na ji alamar ya fita waje.

"Sista, igiya na gyara. Kujera ba ni ke gyara ta ba. Duk takardun da suka makara a wurinki, shi ake ba wa ya ƙarasa, kuma Madam ta fara sabawa da shi. Na ji ana maganar ƙarshen wata. In da ni ne, zan zo a ga fuskata."

Da ta ajiye wayar ta ce ba za ta je ba. Ta ce yanzu da abin ya gyaru za ta yi aikin mutum biyu daga nan, Madam za ta gani. In kuma an kore ta, an kore ta, aiki ba uwa ba ne. Ta yi kwana biyu tana yi kamar inji, kuma gaskiya ko sau ɗaya bai yanke ba. Amma na lura wayarta ta daina ƙara. Ba direba, ba Madam. Da can faɗa ake kira a yi mata, yanzu ko faɗan babu. Na yi shekaru ina sayar da koko a bakin titi kafin ƙafa ta hana ni, na san in mai saye ya daina yi miki ƙorafi, ya samu wata mai kokon ne.

Ran Alhamis bayan la'asar na ce ta rufe abin ta zo ta zauna a tabarma.

"Jibi za ki koma Akra."

"Mma, saura fiye da wata biyu ki fita."

"Na fi ki sanin lissafinsa."

"Wa zai kwana da ke? Me mutane za su ce?"

"Ayi za ta kwana. Mutane kuwa sun riga sun fara cewa, bari su ƙarasa."

"Ba zan tafi ba."

"Ramatu, ubanki ya ɗauki buhun albasa a ka har wuyansa ya ƙage don ki zauna a kujerar nan. Na rasa shi, na rasa yayarsa. Ba zan zauna ina kallo ki rasa kujerar a kaina ba, in fita takaba in same ki zaune a tsakar gida kina taya Ayi wanke tukunya. In na isa da ke, ki tafi. In ban isa ba, ki zauna."

Kun san nauyin wannan kalmar a bakin uwa. Ban taɓa ɗora wa ɗayanku ita ba sai ranar. Ta yi kuka har ta shiɗe, ta ce na yi mata ƙarfi. Na ce na yi.

Ran Asabar da safe ta yi mini wanki, ta cika randa, ta jera magungunana a kan taga, ta nuna wa Mma Ayi wanda ake sha kafin abinci. Mma Ayi ta ce ta ji, ai ba yau ta fara renon tsofaffi ba, ta reni kanta. Ba wanda ya yi dariya. Mai takaba ba ta rakiya, iyakata bakin ƙofar gida. Na tsaya daga ciki, ta durƙusa, na dafa kanta na yi mata addu'a. Ta ja jakarta a kan duwatsun lungu, ina jin ƙarar ƙafafun jakar har ta sha kwana wajen masallaci.

Mma Ayi ta cika alkawari, ta kwana da ni har na fita, ko da yake kafin asuba ta tashi hura wuta, ranar kuma tawa ce ni kaɗai. Gwaggonku Zenabu ta rasu a can Jamus shekarar da ta biyo baya, ba mu ƙara ganin fuskar juna ba. Sauran labaran ubanku na yarinta sun tafi da ita, ban san ko nawa ba ne.

Ran Litinin ɗin farko, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Ramatu ce, tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin motsin mutane a bayanta.

"Mma, na zauna. An mayar da shi wani teburin."

Na ce Allah ya yi albarka, ki yi aikinki, kada ki ƙara kira sai kin tashi. Na ajiye wayar a kan tabarma. Tun ranar da aka fita da gawar ubanku ban yi kuka da murya ba, saboda akwai ofis a ɗakina, kada Madam ta kira ta ji. Na duba ɗakin, ba tebur, ba kowa. Na tashi na ja ƙofa, na zauna a gefen gadon da yake kwana, na kira sunansa da ƙarfi, Isaka, sunan da ban taɓa kira a gabansa ba.